Ba Fenti Ba Ne: Martani Kan Gurbin Ɗan Adam A Ilimin Kwamfuta

Na karanta makalar da wani malami ya rubuta a wannan fili kwanakin baya, inda ya nemi jami'o'inmu su soke darasin mu'amalar mutum da kwamfuta daga karatun digirin farko, a mayar da awanninsa ga lissafi. Hujjojinsa uku ne. Ya ce ilimin kwamfuta reshen lissafi ne tsantsa, ba ruwansa da halin ɗan Adam. Ya ce nazarin yadda mutum yake aiki da na'ura fenti ne da ake shafa wa gini bayan magina sun tashi, kuma kamfanoni ne suka ƙware a kai, ba masu bincike ba. Sannan ya ce babban abin da fannin ya jawo wa duniya shi ne wayoyin da suke cinye wa yara lokaci. Malam ya yi rubutunsa da kishi, kuma ina tare da shi cewa ɗalibanmu suna buƙatar ƙarin lissafi. Sai dai tarihin da ya ɗora hukuncinsa a kai ba haka yake ba.

A ba shi haƙƙinsa tukuna. Akwai ɓangaren ilimin kwamfuta da bai ci bashin wannan fanni ba. Aikin da Alan Turing ya wallafa a 1936 kan iyakar abin da na'ura za ta iya lissafawa, da tambayar da Stephen Cook ya kafa a 1971 kan matsalolin da tabbatar da amsarsu yake da sauƙi amma nemo ta yake da wuya, duk a kan takarda aka haife su. Da a nan ilimin kwamfuta ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. To amma Malam ya buɗe jadawalin darussan sashensa ya duba: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sadarwa tsakanin kwamfutoci, harsunan rubuta manhaja, zanen hoto, tsaro. Waɗannan su ne yake kira ginin. Abin tambaya shi ne, wace matsala ce ta haifi kowannensu?

Mu ɗauki na farko. A shekarun 1950, mai son aiki da kwamfuta katuna yake hudawa, ya ɗaure su, ya miƙa wa ma'aikaci, ya tafi ya jira awanni, wani lokaci sai washegari. Idan ya manta waƙafi guda, takardar da za ta dawo masa kuskure kawai za ta nuna, ya sake shiga layi. A lissafin masu kuɗin na'urar wannan tsari daidai ne, domin lokacin na'ura ne mai tsada, na mutum kuwa ba a sa shi a sikeli. Waɗanda suka ce ba su yarda ba, irin su John McCarthy da Fernando Corbató na MIT, ba wata sabuwar ƙa'idar lissafi suka gano ba. Cewa suka yi mutum ba ya iya tunani da abokin aikin da sai gobe zai ba shi amsa. A 1961 Corbató ya nuna tsarin da mutane da dama za su zauna a gaban madannai daban-daban a lokaci guda, kwamfuta ɗaya tana zagaya su da sauri har kowa ya ɗauka shi kaɗai take saurare.

Daga wannan buƙata tambayoyi suka yi ta ɓullowa. Wa za a fara saurara, kuma na tsawon wane lokaci? Yaya za a hana aikin wannan ya taka ma'ajiyar wancan? Ina kowa zai adana kayansa, kuma yaya za a tabbatar shi ne mai su? Amsoshin su ne rabon lokaci, da katange ma'ajiya, da tsarin fayil, da kalmar sirri, wato babi-babin littafin da Malam yake karantarwa. Wancan tsari na Corbató ya haifi wani mai suna Multics. Da ɗakin binciken Bell ya janye daga Multics a 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina Unix, kuma a kan salon Unix aka gina Linux da ke cikin kowace wayar Android.

Wa ya biya kuɗin wannan aiki? A nan ne maganar Malam ta fi rauni. J. C. R. Licklider masanin halayyar ɗan Adam ne, ƙwarewarsa a kan yadda kunne da ƙwaƙwalwa suke tsinkayar sauti. A takardar da ya fitar a 1960 kan cuɗanyar mutum da kwamfuta, ya ba da labarin yadda ya bibiyi lokacin aikinsa, ya tarar kusan kashi 85 cikin ɗari yana tafiya ne wajen nemo bayanai da jera su da zana jadawali, kafin a zo ga tunanin kansa. Ya ce wannan wahala na'ura ce ya kamata ta ɗauka. A 1962 aka ba shi ofishin kula da binciken kwamfuta a hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka, ya zuba kuɗi a MIT da Stanford da Berkeley da Carnegie, wuraren da suka zama manyan cibiyoyin horar da masu digirin digirgir a fannin. Ɗaya daga cikin magadansa a ofishin, Robert Taylor, shi ma ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta. Yana da na'urorin rubutu uku a ofishinsa, kowace tana haɗe da kwamfuta daban, kowace da nata umarnin. Tashi daga wannan kujera zuwa waccan ne ya ishe shi, ya nemi kuɗi a 1966 don haɗa kwamfutocin su riƙa magana da juna. ARPANET ke nan, wadda ta aika saƙonta na farko a watan Oktoban 1969, kakar intanet.

Wancan saƙo daga jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ya tashi, ya sauka a cibiyar bincike ta Stanford, a ɗakin aikin Douglas Engelbart. Wannan mutum tun 1962 yake rubutu kan yadda za a ƙara wa basirar ɗan Adam ƙarfi da na'ura. Shi da Bill English suka ƙera linzamin kwamfuta na farko da katako. Ranar 9 ga Disamban 1968, a San Faransisko, a gaban mutane kusan dubu, ya shafe minti 90 yana nuna abubuwan da a lokacin suka yi kama da siddabaru: gyara rubutu a kan allo, danna kalma ta kai ka wani shafi, mutum biyu a garuruwa daban suna aiki a kan takarda guda suna ganin juna. Malam ya ce kamfanoni ne suka kawo irin waɗannan. Macintosh na Apple ya fito ne a 1984, sama da shekara goma sha biyar bayan wannan nuni. Kamfanin ya yi ƙoƙari wajen sauƙaƙa abin da rage masa tsada, ba mai musun haka. Amma ya tarar da shi ne a hannun masu binciken da kuɗin gwamnati da jami'o'i suka raina.

Mu koma kan harsunan rubuta manhaja, inda Malam yake ganin lissafi ne kaɗai ke mulki. A 1963 Ivan Sutherland ya kammala digirin digirgir a MIT da wata manhaja mai suna Sketchpad, wadda mutum zai yi zane a kan allo da alƙalamin haske. Domin ya sauƙaƙa wa mai zane, sai ya tsara cewa za ka zana abu sau ɗaya a matsayin uwa, ka fitar da 'ya'ya da yawa daga gare ta, idan ka gyara uwar duk 'ya'yan su gyaru. A 1966 wani sabon ɗalibi a jami'ar Utah, Alan Kay, ya karanta wannan kundi, ya kuma ci karo da harshen Simula na Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Nowe. Ya ga ashe tunani ɗaya ne. Abin da ya dame shi kuwa shi ne yadda yaro ɗan firamare zai iya ba kwamfuta umarni. Daga nan harshen Smalltalk ya fito a ɗakin binciken Xerox da ke Palo Alto a farkon shekarun 1970, kuma da yara 'yan makaranta shi da Adele Goldberg suka riƙa gwada shi. Salon gina manhaja daga abubuwa masu aika wa juna saƙo, wanda ake koyar da kowane ɗalibin shekarar farko a Java ko Python, ta wannan hanya ya yaɗu.

Abin bai tsaya nan ba. Smalltalk yana da nauyi, mutum kuma ba ya haƙuri da allon da ke daskarewa. Domin a kawar da wannan jinkiri aka ƙirƙiro dabarun fassara manhaja zuwa harshen na'ura a daidai lokacin da take aiki, da dabarun share ma'ajiya a gutsure-gutsure yadda mai aiki ba zai lura da tsayawar ba. Waɗannan dabaru su ne a yau suke cikin injin Java da na manhajojin shiga intanet. Haka kwamfutar Alto ta 1973, da aka yi domin mutum ɗaya ya ga shafinsa a allo kamar yadda zai fito a takarda: da kowa ya samu tasa, sai aka buƙaci hanyar haɗa su da juna da kuma na'urar buga takardu, Robert Metcalfe ya fito da Ethernet a wannan shekara. Idan za mu bi misalin Malam na gini, to wannan ba fenti ba ne. Shi ne tambayar da magini yake yi kafin ya sa diga a ƙasa: su wa za su zauna a gidan, ina zaure zai fuskanta, ɗaki nawa ake so. Amsar ita ke nuna inda za a haƙa harsashi.

Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ma ta yanke nata hukuncin. Lambar Turing, wadda ita ce mafi girma a fannin, ta je hannun Sutherland a 1988, Corbató a 1990, Butler Lampson a 1992, Engelbart a 1997, Kay a 2003, da Charles Thacker da ya ƙera Alto a 2009. Ba a ba masu shafa fenti wannan lamba.

Na san abin da Malam zai ce: waɗannan injiniyoyi ne, kuma a zamaninsu fannin bai ma samu suna ba, tunda sai a farkon shekarun 1980 ya kafa ƙungiyarsa da taronsa na shekara-shekara. Gaskiya ne sunan ya zo daga baya. Haka shi ma ilimin kwamfuta bai da sashe a kowace jami'a lokacin da Turing ya yi aikinsa, amma Malam bai fasa lissafa shi cikin magabata ba. Fanni da tambayarsa ake gane shi, kuma tambayar waɗannan mutane a rubuce take a kanun takardunsu: mutum da na'ura, yaya za su yi aiki tare?

Malam ya kuma yi shaguɓe cewa fannin ra'ayi ne kawai, wannan ya ce shuɗi ya fi, wancan ya ce kore. A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa yana bin ƙa'idar lissafi da ta dogara da nisan abin da faɗinsa. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa suka gwada linzami da sandar juyawa da madannai, suka tarar linzami ya fi sauri, kuma motsinsa yana bin ƙa'idar Fitts. A 1983 Card da Thomas Moran da Allen Newell, wanda shi ma mai lambar Turing ne, suka fitar da littafi kan yadda za a ƙiyasta lokacin da aiki zai ci tun kafin a ƙera na'urar. An gwada irin wannan ƙiyasi a kamfanin tarho na NYNEX, lokacin da yake shirin sauya wa ma'aikatan haɗa kira na'urorinsu da sababbi masu ƙarancin dannawa. Kowa ya ɗauka sababbin za su fi sauri. Lissafin ya ce a'a, za su fi jinkiri, saboda a tsohon tsari ma'aikaci yana yin wasu danne-dannen ne yayin da mai kira yake magana, a sabon kuwa an mayar da su inda dole a jira su. Gwajin da aka yi da ma'aikata na gaske ya tabbatar da hakan. Hasashen da ya saɓa wa zato, sannan gwaji ya gaskata shi, idan wannan ba kimiyya ba ce to mece ce?

Akwai kuma inda raina wannan fanni ya ci rai. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida a Amurka da Kanada haske fiye da kima, wasunsu suka mutu. A asibitin garin Tyler na jihar Texas, an gano cewa idan ƙwararriyar ma'aikaciya ta shigar da umarni sannan ta gyara shi cikin daƙiƙa takwas, sassan manhajar sukan saɓa wa juna. Abin da allo yake nunawa lambar kuskure ce, 54, wadda littafin na'urar bai bayyana ma'anarta ba, tare da nuna wai hasken da aka bayar bai kai ba. Ma'aikaciyar ta saba ganin irin waɗannan saƙonni barkatai, sai ta danna a ci gaba. Wanda ya rubuta manhajar bai yi tunanin hannu zai yi wannan sauri ba, domin ba a zauna an kalli mai aikin tana aiki ba.

A fannin tsaro ma haka. A 1999 Alma Whitten da Doug Tygar suka ba mutum 12 da suka saba da imel manhajar kulle saƙo ta PGP, aka ba su minti 90. Huɗu ne kacal suka iya kulle saƙon da sa masa hannu daidai, uku kuwa suka aika sirrin a buɗe. Lissafin kullewar ba shi da aibu ko kaɗan, amma bai tsare mafi yawansu ba. Irin wannan bincike ne ya sa a 2017 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta janye shawarar tilasta wa mutane sauya kalmar sirri lokaci-lokaci, bayan an ga abin da suke yi shi ne ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar. Duk wanda ya san yadda 'yan damfara suke kwashe kuɗin jama'a ta hanyar kiran waya suna neman lambar sirri ya san ba ta lissafi ɓarawo yake shiga ba.

Ko gwarzon masu ra'ayin Malam, Edsger Dijkstra, da ya yaƙi umarnin tsallake-tsallake a cikin manhaja a 1968, ba cewa ya yi na'ura ba ta iya bin sa ba. Na'ura ba ta damu ba. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwar mai karatu ba ta iya riƙe zaren. Shi ma Turing, da ya tashi bayyana mece ce lissafawa, mutum ya siffanta zaune da takarda da fensir, wanda ba ya iya kallon alamomi da yawa a lokaci guda. Iyakar ɗan Adam tana cikin fannin tun ranar farko.

Ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayi yanzu ba ta fita daga wannan ba. Na'urorin da ake horar da ita a kansu an ƙera su ne domin zana hoto mai motsi a allo, kuma a kan guda biyu irinsu aka horar da manhajar AlexNet da ta girgiza fannin a 2012. A 2022 masu binciken OpenAI suka ba da rahoton cewa ƙaramin samfurin da aka gyara da hukuncin mutane, masu tantancewa sun fi son amsoshinsa a kan na wanda ya ninka shi girma fiye da sau ɗari amma ba a yi masa wannan gyara ba. Da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban wannan shekara, injin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne ga masana. Abin da ya sauya shi ne an ba kowa akwatin hira.

Mu kanmu muna da shaida a hannu. Tsarin ASCII na Amurka gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, balle ajami da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Unicode, da ya fito a 1991 ya ba waɗannan haruffa lamba, ya samo asali ne daga aikin Joe Becker na Xerox da abokansa na Apple, waɗanda suke fama da yadda mutum zai rubuta harshensa a allo. Kafin nan, wa ya manta yadda ake tura rubutun Hausa ga maɗaba'a ya dawo ƙugiyoyin sun zama akwatuna? Haka da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ba a jima ba aka ga ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzami ba suna asarar lokaci, har hukumar ta fito da tsarin amsawa da madannai takwas. Yaron ƙauye da ya san amsa amma hannunsa yana rawa a kan linzami, matsalarsa ta wane darasi ce?

Saura hujja ta uku, kuma ita ce mai nauyi. Gaskiya ne ilimin da ya gano yadda ido da yatsa suke aiki, shi aka juya aka yi shafukan da ba su da ƙarshe, da maɓallan da suke ruɗar mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba. Ba zan wanke fannin daga wannan ba. Amma su wa suka bankaɗo shi? Wani ƙwararre a fannin, Harry Brignull, shi ya fara tattara waɗannan dabaru na yaudara a 2010. Masu bincike a Princeton suka tace shafukan sayayya kusan 11,000 a 2019 suka fitar da su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games ya amince da mayar da dala miliyan 245 saboda irin wannan. Ɗalibin da aka hana wannan ilimi ba zai tsira daga tarkon ba. Zai fita ne ya kafa wa wasu irinsa bai sani ba, ko ya kwaikwayo na wani.

Idan ƙorafin Malam shi ne yadda ake karantar da darasin a wasu wurare, inda ake haddace jerin ƙa'idoji a zana maɓallai a takarda a ci jarrabawa, to mun haɗu, kuma gyara ake yi wa wannan. A sa kowane ɗalibi ya ɗauki manhajar da ya rubuta ya kai ta kasuwa ko tasha ko asibitin unguwa, ya miƙa wa 'yar kasuwa ko direba ko ma'aikaciyar jinya, ya kame bakinsa, ya riƙe agogo, ya rubuta duk inda suka tsaya. Ya dawo ya auna sakamakon da ƙididdiga, ya gyara, ya sake komawa. Zai buƙaci logaridim kafin ya fahimci Fitts, zai buƙaci ilimin ƙididdiga kafin ya san ko bambancin da ya gani na gaske ne. Lissafin da Malam yake nema wa awanni zai samu ɗalibai masu dalilin koyonsa. Mafi yawan masu amfani da waya a ƙasashenmu ba da Turanci suke tunani ba, da yawa saƙon murya suka fi ganewa a kan rubutu, kuma ba a Kalifoniya za a zauna a nazarci buƙatunsu ba. Waɗanda za su yi wannan aiki suna zaune a ajin Malam yanzu haka, kuma wannan darasi ne kaɗai a jadawalin yake tura su wajen mutanen.